Ranar da na ci abinci a gaban surukata

A cikin abubuwan da Allah ya nuna mini tun da na buɗe ido a Damagaram har na yi furfura a ƙasar Faransa, akwai guda ɗaya da ba zai bar raina ba sai ranar da aka mayar da ni ƙasa. Ba mutuwa ba ce, ba haihuwa ba ce, ba kuma gobara ba. Cin abinci ne. Ku da kuka tashi a nan za ku ce mene ne abin ba da labari a cikin cin abinci. To ku gyara zama, don ni da girmana na kusa raba gida biyu saboda loma.

A lokacin ni da Malam, maigidana, muna zaune a Stains, a gefen Paris, hawa na bakwai. Ya yi shekaru yana aiki a wata ma'ajiyar kaya wajen Porte de la Chapelle, har ƙarfi ya ja baya ya ajiye. Ɗanmu na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa, ya tafi Lyon karatu, ya gama, ya samu aiki, ya kama gida a unguwar Minguettes. A can babbar lekol ɗin, wato jami'a, ya haɗu da wata yarinya ƴar ƙasar Benezuwela, ya ce ita yake so. Malam ya bincika, ya ce babu abin da ya hana, aka ɗaura. Tun ranar nake ce mata Amarya, har yau da ɗiyanta suka fi ta tsawo. Yarinya ce mai ladabi, ta koyi gaisuwarmu, tana ce mini Inna. Ban ƙi ta ba, Allah ya sani, amma ban buɗe mata sosai ba. In na je Lyon na yi kwana goma, muna gaisawa, muna murmushi, kowa yana takawa a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai.

Uwarta ba ta zo biki ba. Mijinta bai daɗe da rasuwa ba a lokacin, ga nisa, ga shi ba ta taɓa shiga jirgi ba. Shekara huɗu tana zaune a wani ɗan gari a bakin teku da tambaya ɗaya a ranta: mutanen nan da suka ɗauki ɗiyata, sun riƙe ta da daraja ko raina ta suke yi? Da Amarya ta haihu, jaririya ta yi ƙwari, sai tsohuwar ta aiko ta ce tana so ta ga jikanyarta, tana kuma so ta ga iyayen mijin ɗiyarta da idonta. Yaron, ɗan namu, ya kawo wa Malam maganar. Malam ya ce zumunci a ƙafa yake, in ƙafar jirgi ce ma sai a hau.

Matan unguwarmu suka cika mini ɗaki da sallama da shawara. Wata ta ce ina ne kuma Benezuwela, gaba da Makka ne ko baya? Wata ƴar garin Tawa ta ce in ƙunsa garin gero a cikin balis, akwatin tafiyata, don ta ji an ce mutanen can har a cikin shayi suna sa alade. Babbar cikinmu, wadda muke jin maganarta, ta kama hannuna ta ce, "Hajiya, gidan surukai za ki. Ki riƙe girmanki, kada a ga haƙorinki a kan abinci." Na ce mata wannan ai ba sai an gaya mini ba, da shi aka yaye ni.

Muka haɗu da su yaron a filin jirgi na Paris, muka tashi. Ruwa, ruwa, ruwa, babu tudu babu itace. Rana kuwa ta ƙi faɗuwa, muna tafiya tana tafiya, har na rasa lokacin azahar da na la'asar, na haɗa su a zaune na ce Allah ya karɓa. Da muka sauka muka kwana a babban birninsu, washegari mota ta ɗauke mu ta hau dutse da mu, hanya tana nannaɗewa kamar maciji a cikin kurmi, ina salati Malam yana leƙen taga yana cewa in dubi ikon Allah. Na ce ya duba mana mu biyu. Can da rana ta karkata muka gangaro, sai ga teku, sai ga garin, ɗan ƙarami, gidaje kowane da launinsa, wani shuɗi wani ruwan ƙwai, da coci fara a tsakiya.

Abin da ya fara kama ni shi ne mutanen. Na zaci farare zan tarar irin na Faransa, sai na ga baƙaƙe kamar mu. Wata tsohuwa na zaune a bakin ƙofa tana tsince wake a faifai, wallahi sak ƙanwar uwata, har yadda take karkata kai. Yaron ya ce kakannin kakanninsu daga wajajenmu aka kwaso su a zamanin bauta. Na ce a raina, ashe akwai namu da aka kai inda ko labarinsu bai dawo ba.

Uwar Amarya kuwa gajeruwa ce, kakkaura, muryarta ta fi jikinta. Tun kafin mota ta tsaya ta fito da gudu, ta ƙwace jaririya tana kuka tana dariya, ta rungume ɗiyarta, ta rungume ni ta sumbace ni a kumatu biyu. Kafin kowa ya ankara ta rungume Malam. Dattijo ya sandare kamar turken awaki, hannuwansa a sama, hularsa ta karkace, yana ta "Subhanallahi, subhanallahi." Na kau da kai don kada dariya ta kubce mini a gidan mutane.

Matar nan ta yi mana abin da ban taɓa zato ba. Amarya ta gaya mata abin da muke ci da wanda ba ma ci, sai ta je ta sayo tukwane sababbi fil, da cokula, da wuƙa, don kada a ce wani abu ya taɓa su. Kajinta da ɗan akuya ta bar su da rai, ta miƙa wa Malam wuƙa ta ce ya yanka da hannunsa yadda addininsa ya ce. Aka yanka, aka dafa, aka shimfiɗa dogon tebur a bayan gida ƙarƙashin mangwaro. Shinkafa fara, baƙin wake da aka dafa har ya yi kamar miya, nama da aka yayyaga siri-siri, soyayyar ayaba, da wata masa ta masara mai kauri da suke ce wa arefa, wadda ba a zaman cin abinci a garin sai da ita. Ƙamshi ya cika wurin, cikina ya amsa.

Sai dai me? Dangi sun taru, ƙanne da yayye da matan ƙanne, sun kewaye tebur, aka zaunar da ni a tsakiya, Uwar Amarya ta zauna daidai gabana ta tallafe haɓa tana kallon bakina.

Ku yaran yanzu sai na gaya muku yadda aka rene mu. A wurinmu in baƙo ya sauka, ɗaki ake ba shi, a kai masa akushi a rufe, a ajiye, a ja masa ƙofa a ba shi wuri. Ba a tsaya masa a ka. In ya ci ya rage, don mai gida ya san abincinsa ya wadatar. Wannan baƙo ke nan kowane iri. Balle suruki. Uwata har ta koma ga Allah, uwar Malam ba ta taɓa ganin ta tana tauna ko goro ba. Wannan shi ne girmamawa a wurinmu, ka nuna wa mutum cewa kwarjininsa ya fi yunwarka. To ni ce za a ce in buɗe baki in tauna nama, surukata tana ƙirga mini loma?

Na gutsuri arefa kamar ƙwayar gujiya, na kai baki a bayan mayafi, na kurɓi ruwa, na ce alhamdulillahi, na tura faranti gaba kaɗan. Tsohuwar ta turo shi baya. Na sake turawa ina murmushi, hannuna a ƙirji. Ta ƙara nama ta turo. Na ce wa yaron ya gaya mata na gode, na ƙoshi. Malam kuwa, da ya yi shekara da shekaru yana ci da Faransawa a kantin wurin aiki, kunyarsa ta daɗe da sauka a jirgin ƙasa. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya shiga. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya ce, bai ko ɗago ba, "Hajiya, ki yi ta takawa, ba da ita nake ci ba."

Haka aka yi da rana, haka aka yi da maraice. Na kwanta ina jin na fita kunyar surukai, cikina kuwa yana kiran sunana. Na yi ta sa ran za a biyo ni da kwano ɗaki. Ba wanda ya biyo ni.

Da safe Malam ya dube ni ya ce, "Tashi mu je mu ga gari, kafin ki faɗi a ce ni na kashe ki." Muka fita mu biyu, ba tafinta, ba kowa. Rabon da in yi tafiya da Malam kafaɗa da kafaɗa ba don asibiti ko takardu ba, na manta. A filin gaban coci muka tarar da mata suna shanya wasu ƴaƴan itace jajaye a ƙasa, suna baza su da katako, kamar yadda muke shanyar gujiya. Wani mutum ya ga mun tsaya, ya ɗauko wani abu kamar gwanda mai tauri, ya fasa da adda, ya miƙo mana. Cikinsa fari, ƴaƴa a jere, ka tsotsa ka ji zaƙi da ɗan tsami. Ya yi ta nuni yana cewa shokola, shokola. Ashe shokolar nan, cakulan da yara ke birgima a kanta a cikin kanti, a itace take fitowa. Malam ya ce, "Kin gani, da kin mutu jiya da ba ki sani ba."

Gaba kaɗan wani ya ba mu ruwan sanyi a kofi, na kurɓa na ce wa Malam wannan ai mazarƙwaila ce da lemun tsami. Ita ce kuwa, curi-curi a kan teburinsa, irin tamu ba bambanci. Muka gangara bakin ruwa muka ga masunta suna jawo jiragensu, muka ga samari sun kwantar da wata doguwar ganga ta kututture, ɗaya ya hau kanta yana kaɗawa da hannu, biyu suna dukan jikinta da sanduna, wata tsohuwa da ta zo sayen kifi ta ajiye kwandonta ta ɗan taka ta ɗauka ta wuce. Kowa ka haɗu da shi sai ya gaishe ka. Rabona da garin da ake gaida baƙo a hanya tun gida.

A kan kwanar da ke komawa kasuwa muka same ta. Doguwar mace da jan ɗankwali, tana gasa arefa a kan faifan ƙarfe, tana tsaga cikinta tana cusa farin cuku ko kifi. Na tsaya. Ƙafafuna ne suka tsaya, ba ni ba. Malam ya matsa, ya ɗaga hancinsa da yatsa ya yi gurnani irin na alade, sannan ya kaɗa yatsa. Matar ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta nuna cuku, ta nuna kifi, ta nuna teku, ta buga ƙirji. Muka zauna a benci. Na duba gabas na duba yamma, babu suruki babu dangin suruki. Na ci ɗaya. Na ci ta biyu. Na ci ta uku, na lashe yatsa, na ji duniya ta dawo daidai.

Shi ke nan muka samu hanya. Kullum da hantsi mu fita ganin gari, mu ɗanɗana wannan mu ɗanɗana wancan, wata gurasar rogo mai faɗi kamar faifai, ruwan kwakwa, alewar ayaba, mu ƙare a wurin mai jan ɗankwali in ci ukuna. In mun dawo gida a shimfiɗa tebur, in gutsura, in ce alhamdulillahi, in tura faranti. Ina ganin na haɗa biyu, ga girma ga ƙoshi. Rashin sani ya fi dare duhu. Na manta cewa ƙaramin gari ƙaramin gari ne ko a bayan teku, in ka yi tari a kasuwa kafin ka iso gida an ce kana da tarin fuka.

Rana ta huɗu muka dawo, babu tebur, babu hayaƙi, babu muryar tsohuwar. Gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Yaron ya ja Malam gefe yana sunkuyar da kai. Ni kuwa ina zaune a bakin gado sai ga Amarya ta shigo, idanunta jajur, ta durƙusa yadda ta ga matanmu suna yi. Da guntun Faransancina na kasuwa da guntuwar Hausarta muka yi maganar da ba mu taɓa yi ba.

Ta ce, "Inna, me uwata ta yi miki?"

Na ce, "Alheri. Me ya faru?"

Ashe mai jan ɗankwali matar ƙanin mijin tsohuwar ce, kuma tun suna amare suke takara a kan wadda ta fi iya arefa, garin duka ya sani. Da safen nan a bakin coci, a gaban mata, ta dafa kafaɗar Uwar Amarya ta ce, "Baƙuwarki ta Faransa akwai ci, uku take tashi da su a wurina kullum, har da lashe yatsa. Ke me kike ba ta a gida ne?" Tsohuwar ta dawo ta shiga ɗaki ta rufe. Ta ce ta sayi tukwane sababbi, ta ba da kajinta, ta tashi tun duhu tana girki, amma matar nan ta gwammace abincin bakin hanya. Ta ce wadda ke ƙyamar hannunta, ƙyamar gidanta take yi, kuma wadda ke ƙyamar gidan ba za ta ga darajar ɗiyar da ta fito daga cikinsa ba. Ta ce yanzu ta samu amsar tambayarta. Ta ce wa Amarya mu mu koma, ita da jaririya su zauna.

Na ce, "Ke kuma me kika ce?"

Ta ce, "Ban ce komai ba, Inna. Don ni ma shekara huɗu ke nan, in kin zo Lyon, ban taɓa ganin kin cinye abin da na dafa ba. Na ɗauka ba kya so. Na ɗauka ni ce ba kya so."

Nan na san ɓarnar ta fi kwana huɗu. Na kama hannunta na zaunar da ita a gefena, na yi mata bayanin akushi da jan ƙofa, na gaya mata labarin uwata da goro. Na ce mata, "Ɗiyata, abincinki kuwa, jira nake ku fita aiki in buɗe firijo. Wannan naman da kike yayyagawa, har ƙasan tukunya nake kankarewa." Ta zaro ido. Ta ce, "Ashe ke ce? Shekara huɗu ina yi wa ɗanki faɗa a kan yana cinye abincin gobe, shi kuma yana rantsuwa." Muka kama dariya, hawayenta na zuba, nawa na zuba.

Ta tashi da saurinta ta je ta kai wa uwarta bayani ta bakin ƙofa. Ba ta daɗe ba ta dawo jiki a mace. Tsohuwar ta ce ɗiyarta mai kirki ce, tana ɗinke magana ne don ta rufa wa surukarta asiri, amma ita ba ta taɓa jin ƙasar da ake girmama mutum da ƙin abincinsa ba. Yaron ya je, ta ce shi ma haka. Na dubi Malam. Ya daɗe yana jan tasbaha, sannan ya ce, "Hajiya, abin da ido ya gani ya ɓata, tafinta ba ya gyara shi. Sai ido ya sake gani."

Washegari na idar da sallar asuba ina zaune, gari ya fara haske, sai na ji wani sauti daga bayan gida. Dum. Dum. Dum. Na ce kunnena ne. Na sake saurarawa. Turmi ne. Shekarata ashirin da wani abu ban ji shi ba. Sau ɗaya na gwada daka yaji a ɗan ƙaramin turmi a Stains, Bafaranshen da ke ƙasanmu ya yi ta dukan rufinsa da sandar tsintsiya har na ajiye. Na tashi na bi sautin kamar wadda aka kira.

Tana nan ita kaɗai ƙarƙashin mangwaro, ta ba ni baya, tana surfen masara a wani dogon turmi, tana daka kamar da turmin take faɗa. Ashe masar tata ba da garin kanti take yi ba, tun daga tsaba take farawa, abin da take taƙama da shi ke nan. Ga wata taɓarya a jingine da bango. Na cire mayafi na ɗaura shi a ƙugu, na tofa a tafin hannu, na ɗauka. Ta ɗago ta gan ni, fuskarta a ɗaure. Ba ta ce zo ba, ba ta ce tafi ba. Ta sauke tata, na jira ta ɗaga, na sauke tawa.

Dum, dum. Dum, dum. Ta ƙara sauri don ta gwada ni, na bi ta. Ta ƙara, na bi ta. Hannu bai manta ba, ashe, baya ne kawai ke ƙorafi. Da na ji lugude ya zauna, sai ƙuruciya ta taso mini, na cilla taɓarya sama, na tafa, na cafe, na sauke ba tare da na ɓata mata bugu ba. Ta tsaya baki buɗe. Ta gwada, taɓarya ta kubce ta faɗi cikin kaji, suka watse suna kururuwa. Ta dube ni, na dube ta, ta so ta riƙe fushinta, ya ƙi riƙuwa. Ta koma ta ɗauko taɓarya ta fara wata waƙa a harshenta, mai tafiya daidai da bugu, ni kuma na amsa mata da tamu ta daka da muke yi a gidan ubana. Ba ta san me nake cewa ba, ban san me take cewa ba, turmi ya san duka.

Muka bakace, muka wanke, ta dafa tsabar, muka bar ta ta huce. Da rana ta yi muka niƙa a ɗan injin hannu, tana juyawa ina zubawa. Ta cuɗa, ta koya mini yadda ake mulmulawa a tafa a tsakanin tafuka. Tawa ta farko ta fito kamar tafin raƙumi, ta ɗaga ta tana nuna wa ɗiyarta. Duk wannan na san ba shi ne ba. Aikin yana gaba.

Ta gasa, ta ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa ta ji ta yi, ta tsaga, ta sa cuku, ta ɗora a faranti. Ta jawo kujera ta zauna daidai gabana, ta tallafe haɓa. Amarya na tsaye da jaririya a kafaɗa. Yaron na bakin ƙofa. Malam ya zo ya tsaya. Dangi sun ji labari sun fara leƙowa ta katanga.

Na haifi ƴaƴa shida, na haye teku, na zauna a ƙasar da ban san harshenta ba, amma ban taɓa yin abin da ya yi mini nauyi kamar ɗaga masar nan ba. Ji nake kamar uwata na tsaye a bayana. Na ce a zuci, Inna ki gafarce ni, abin da kika koya mini shi nake yi, hanyar ce ta sauya. Na yi bisimilla a fili, na buɗe baki, na gatsa, na tauna, idona cikin idon surukata.

Kuma gaskiya ɗaya ce, tata ta fi. Bayanta ƙamas-ƙamas, cikinta laushi, ga ƙamshin masarar da aka surfa da hannu. Na cinye na miƙa faranti. Ta sa ta biyu. Na cinye na miƙa. Ta sa ta uku, ta ɗaga yatsu uku tana kallona. Cikina ya cika, amma na san lissafin da take yi. Na numfasa, na sassauta ɗaurin zane, na miƙa faranti. Da na haɗiye lomar ƙarshe ta ta huɗu, na lashe yatsuna ɗaya bayan ɗaya, har babban.

Tsohuwar ta ture kujerarta baya. Ta tashi, ta kwance ƙyallen girkinta, ta gyara gashinta, ta fita titi yatsu huɗu a sama, ta nufi kwanar kasuwa. Muna jiyo muryarta tun daga nan. Malam ya ce, "To, Hajiya, kin ci mana yaƙi. Allah ya sa akwai kanwa a garin nan."

Maganar zaman Amarya ba a sake tayar da ita ba. Sauran kwanakin tare muke fita da tsohuwar, tana riƙe da hannuna tana nuna ni ga mutane. Na fito da yajin da na ƙunso na barbaɗa mata a kifi, ta yi atishawa bakwai ta ce in bar mata sauran. Malam ya yi ta gunaguni wai da shi kaɗai ake yi wa ƙari, yanzu an samu mai raba masa.

Ranar da za mu taso, ina ɗaki ina haɗa kaya, sai aka ƙwanƙwasa. Uwar Amarya ce da tire, an rufe shi da farin ƙyalle. Ta shigo a hankali, ita da ba ta iya tafiya a hankali ba, ta ajiye a gabana, ta sa hannu a ƙirji, ta ja da baya, ta ja mini ƙofa. Ashe ta sa ɗiyarta ta sake yi mata bayanin al'adarmu tun daga farko, ta ce ba za ta bari in bar gidanta ba ta karrama ni irin yadda na sani ba. Na zauna ina kallon tiren nan, na share hawaye. Sannan na ɗauke shi, na buɗe ƙofa, na bi ta madafa, na jawo kujera kusa da tata, muka ci tare.

Mun dawo Paris lafiya, mu biyar kamar yadda muka tafi. Bayan wata ɗaya na hau jirgin ƙasa na je Lyon, na zauna a teburin Amarya, na ci, na ce ta ƙaro. Yaron ya dube ni ya ce yanzu dai an wanke shi.

Tsohuwar ta riga mu gidan gaskiya, Malam ma ya bi. Ni da na rage, abin da na riƙe daga tafiyar nan shi nake gaya wa duk wanda zai shiga gidan da ba nasu ba. Kunya abu ne mai kyau, ban yar da tawa ba, ba kuma zan ce ku yar da taku ba. Amma an yi ta ne don a faranta wa mutum, ba don mai yin ta ya ji daɗin kansa ba. Na yi shekara huɗu ina girmama yarinya tana kuka a ɓoye, ban taɓa tambayar ta yadda abin ke isa gare ta ba. In za ka auna wa mutum girma, ka tambayi mudun gidansu, ka auna masa da shi.